Ranar da Fada Zai Zo

A Nima, cikin birnin Akra, cocin Katolika na Saint Kizito yana tsakiyar unguwa, fada, wato firist, kuma yana nan kusa. Mai son a yi wa ɗansa baftisma takawa kawai zai yi ya je ya same shi. Hausawa 'yan Katolika na ƙauyukan Malumfashi da Kafur a Jihar Katsina ba su da wannan gata. A wurinsu fada baƙo ne, zuwansa sai an sa rana.

Ba shi ke zaɓar inda zai zauna ba. Ranar da ake naɗa mutum firist, bayan shekarun karatu a makarantar horo irin ta Saint Augustine da ke Jos, yakan durƙusa ya sa hannuwansa cikin na bishop, ya yi alkawarin biyayya. Daga nan duk lokacin da takarda ta zo, sai ɗaure kaya. Akan ba shi babban coci guda inda zai riƙa kwana, a haɗa masa da ƙananan majami'u da ke warwatse a ƙauyuka, wasu na jan laka da rufin kwano, wasu rumfa ce kawai da benci. Dokar coci ba ta yarda ya yi Mas, wato babbar sujadar Katolika, fiye da sau uku ranar Lahadi ba, shi ma sai da izini. Don haka dole a yi jeri: wannan mako nan, mako mai zuwa can. Wani ƙauyen sai ya yi wata bai gan shi ba, in damina ta cika rafi har abin ya zarce haka.

Wanda ke riƙe da jama'a a tsakanin nan shi ne katikis, kuma a ganina shi ya fi cancanta a yaba wa. Manomi ne kamar kowa, da matarsa da 'ya'yansa, amma an tura shi ya yi horo, galibi a makarantar katikis ta Malumfashi. Shi ke buga ƙarfe da safiyar Lahadi, ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi wa'azi, ya koya wa yara addu'o'i. Shi ke binne mamaci idan fada ya yi nisa, shi ke sasanta miji da mata. Abin da ba shi da ikon yi shi ne keɓe gurasa da ruwan inabi, da sauraron masu furta zunubi. Waɗannan sai firist. Saboda haka yakan tara sunaye a littafinsa: jarirai masu jiran baftisma, masu son a ɗaura musu aure, tsohuwar da ke kwance tana neman a shafa mata mai.

Ran da fada zai zo, tun da sassafe mata sun share fili. 'Yan Zumuntar Mata sun ɗaura zanensu iri ɗaya, sun fito da tulu da caki. Da an ji ƙugin babur sai yara su ruga tarye. "Sannu da zuwa, Fada, ya hanya?" Kafin komai yakan zauna a kujera gindin bishiya, mutane su yi layi daga nesa, kowa ya matso shi kaɗai ya durƙusa ya yi magana ƙasa-ƙasa. Bayan nan ya buɗe 'yar jakarsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ɗora ƙoƙo da gicciye da kyandir. Da Hausa ake yin komai. Lokacin baiko ba kuɗi kaɗai ake kawowa ba, har da kwanon dawa da ƙwai, wani lokaci da kaza ɗaure da ƙafa. Sai baftisma, sai zagayen marasa lafiya gida-gida, sai tuwo a gidan katikis.

Firistocin Dominikan daga Amurka sun yi irin wannan zagaye bayan da aka damƙa musu yankin Sakkwato a shekarun 1950. Malumfashi ta daɗe ƙarƙashin bishop na Sakkwato, wanda ke zaune tafiyar sa'o'i masu yawa daga nan, sai a 2023 Paparoma Francis ya yanke wa Katsina nata yankin, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama bishop.

Akwai wasu firistocin da tafiyarsu ta fi wannan tsawo, wato masu riƙe da tsohon Mas na Latin. Ƙungiyar Saint Pius na Goma, wadda Marcel Lefebvre, tsohon babban bishop na Dakar, ya kafa a 1970, ba ta karɓar umarnin bishop na gari. Shugabanninta ke tura firistocinta, su zauna tare a gida ɗaya, ƙarshen mako su watsu. Daga gidansu na Inugu sukan je Legas da Abuja, har su ƙetara iyaka zuwa Akra, don jama'ar da ba ta da yawa.

A ƙasar Katsina, yanzu ba nisa ke tayar da hankali ba. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka shiga gidan firistoci a Malumfashi da dare, aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello a gona bayan makarantar katikis. Shekara guda bayan haka aka sace firistoci biyu a Gidan Maikambo. Ta'asar da ta kashe limamai da masallata a yankin, ita ce ta taɓa su. Har yau ana fita zagaye, sai dai katikis yakan fara buga waya ya faɗi yadda hanya take, fada kuma yana idar da hidima yake hawa babur, don ya isa gida rana ba ta faɗi ba.