Yaushe ya kamata a tsayar da aiki a duba kaya? Abin da na gani a Ushafa

Duk wanda ya san Ushafa, ƙauyen Gwari da ke yankin Bwari a Abuja, kusa da madatsar ruwan Usuma, ya san ta da tukwane. Su ne ma suka kai Shugaba Bill Clinton na Amurka can a watan Agustan 2000. Ni kuwa sari ya kai ni, na dawo da wani lissafi da ya shafi 'yan uwanmu masu injin niƙa da gidajen burodi a Agege da Sabon Ibadan.

Gashin tukwane na cin itace sosai, don haka kowa na son ya jibga kaya da yawa a wuta ɗaya. Matsalar ita ce tanderu yana tsufa. Bango ya tsage, zafi ya riƙa zurarewa, wani gefe ya gasu wani bai gasu ba, kuma ba za ka sani ba sai wuta ta mutu an kwashe. Wata dattijuwa da na saya a hannunta, sai ta ƙwanƙwasa kowace tukunya da yatsa kafin ta miƙo min. Mai lafiya ƙararta garau take fita, mai tsaga kuwa a dakushe.

To, haka inji yake. Ba ya tsayawa ranar da ya fara lalacewa, ci gaba yake yi yana fitar da kaya marasa kyau. A ce kana niƙa buhu 40 kafin ka duba, faranti kuma ya cinye a buhu na 15. Ka ga 25 sun tafi da tsaki, ga kuɗin dizal, ga mai kaya na jira da faɗa. Da duk buhu 10 kake dubawa, biyar kawai za ka maimaita.

Sai dai tsayawar ma ba kyauta ba ce. Yara na zaune, tanderun burodi na hucewa, sai an sake hura shi. Wanda ke dubawa kowane minti shi ma asara yake.

A ganina tsayin zango ya bi shekarun inji: sabo ya yi dogo, tsoho a gajarta masa, a kuma fi sa ido kan kayan ƙarshen zango, don a nan lalacewa ta fi bayyana. Samu littafi ka riƙa rubuta buhu na nawa matsala ta ɓullo bayan kowane gyara. Cikin wata biyu ko uku za ka ga inda lambar ke yawan faɗawa, sai ka riƙa dubawa kafin a kai wurin.