Raddi ga masu cewa Musulmi ba shi da abin gani a Italiya

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu masu halin fita yawon buɗe ido. Da an ambaci Italiya sai ka ji an ce, "Me za ka je yi ƙasar Fafaroma? Coci-coci ne da gumaka, abincinsu alade da giya, bakin tekunsu kuma tsiraici. Gara Masar ko Turkiyya, in kuma Turai ce dole, ka je Andalus ka ga tarihinmu." Masu faɗin haka yawancinsu kishin addini ne ke motsa su, ina girmama su a kan wannan, kuma maganar tasu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Sai dai sun yi wa ƙasar kuɗin goro, kuma mu ne muka fi yin asara da wannan hukunci, musamman waɗanda suka tashi a kan fiƙihun Malikiyya.

Duk wanda ya wuce Ahalari da Ishmawi da Risala ya kai ga Muhtasar a zaure, ya san Shehu Halilu ya ware malamai huɗu a farkon littafin da yake yawan nuni ga ra'ayinsu: Lakhmi, Ibnu Yunus, Ibnu Rushdi da Mazari. To biyu daga cikin huɗun nan, jingina su ake yi ga tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliya, wanda kuma yau yanki ne na Italiya. Ibnu Yunus, mai littafin Jami'i, wanda ya rasu a 1059, da laƙabin Siƙilli aka san shi. Imamu Mazari kuwa, wanda ya yi sharhin Sahihu Muslim ya kuma rasu a Mahadiyya ta Tunisiya a 1141, sunansa daga garin Mazara ya samo asali, garin masunta da ke kudu maso yammacin tsibirin har gobe. Shekara da shekaru malamai na ambaton waɗannan sunaye a zaurukan Kano da Zariya da Damagaram, almajirai na bita, alhali da yawa ba su san taswirar Italiya suke ratsawa ba.

A Mazara ɗin nan ne rundunar Aglabawa ta sauka a 827. Wanda ya jagorance ta alƙalin Ƙairawan ne, Asadu bin Furat, dattijon da ya zauna gaban Imamu Malik a Madina, wanda littafinsa Asadiyya shi ne tushen da Sahnun ya gyara ya zama Mudawwana. Ya rasu shekara guda bayan saukarsu, lokacin da suka kewaye birnin Sirakusa. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831 ta zama babban birni, kuma sai a 1072 Normawa suka karɓe ta, suka gama da sauran tsibirin a 1091. Ibnu Hauƙal, wanda ya ziyarci Palermo a ƙarni na 10, ya ba da labarin masallatai kimanin 300 a cikinta.

A nan dole in ba abokan muhawarata nasu haƙƙin. Wanda ya je Sisili yana neman irin masallacin Ƙurɗuba ko fadar Alhamra zai dawo da ɓacin rai, domin kusan babu wani babban gini na zamanin mulkin Musulmi da ya tsira a tsaye. Ƙarshen labarin ma mai ɗaci ne. A ƙarni na 13 Sarki Frederick na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin ya tsugunar da su a garin Lucera, a 1300 kuma aka rushe wannan al'umma, aka sayar da da yawansu bayi. Ba na so a rufe wannan da ado.

Amma abin da ya rage ya isa a yi tafiya dominsa. Ka tsaya a ƙofar kudu ta babbar cocin Palermo, wadda aka gina a inda babban masallacin birnin ya taɓa kasancewa. Ba sai ka shiga ba, in kana da ƙyamar shiga. Dubi ginshiƙin farko na hannun hagu a shirayin: an sassaƙa wani ɗan allo a jikin dutsen, a kansa kuma ayar Alƙur'ani ce daga Suratul A'araf, da rubutun Larabci wanda duk ɗan makarantar allo zai tsaya ya haɗa baƙinsa. Dubban baƙi na giftawa ta wajen kullum ba su san me aka rubuta ba. Kai da aka ce ba ka da abin gani a ƙasar, kai ne mai iya karantawa.

Sarakunan Normawa Kiristoci ne, amma sun riƙe magatakarda da magina Musulmi, suna buga kuɗi da rubutun Larabci. Rufin katako na ɗakin ibadar fadar Sarki Roger na Biyu, Cappella Palatina, aikin sassaƙa ne irin na ƙasashen Musulmi, da rubutun Kufi a jikinsa, ƙarƙashinsa kuma bangaye masu adon zinariya irin na Rumawan gabas. A fadar Zisa, wadda aka fara ginawa wajen 1165, an tsara ruwa ya fito daga bango ya ratsa tsakiyar zaure don sanyaya iska. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine, tare da cocin Monreale da ta Cefalù, cikin kayan tarihin duniya a 2015. A fadar Sarki Roger ne kuma Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, da taswirar da ta sa kudu a sama. A ciki ya yi bayanin Gao da Kanem da dausayoyin Kawar na Jamhuriyar Nijar ta yau. Wato a Palermo aka zauna aka rubuta labarin maƙwabtanmu kusan shekara 900 da suka wuce.

Batun abinci kuwa, gargaɗin gaskiya ne, amma rabinsa aka faɗa. Alade yana nan, har a inda ba ka zato. Taliyar carbonara da naman alade ake yi. Kitsen alade, wanda suke kira strutto, yana shiga wasu burodi da kayan zaƙi, da shi kuma ake soya saifar da ake cusawa a burodi a titunan Palermo. Ya kamata matafiyi ya riƙe kalmomi biyu, maiale da strutto, ya riƙa tambaya ba kunya. Bayan wannan, teburin tsibirin na kifi ne da ganye da hatsi. A kasuwar Ballarò, inda 'yan tireda ke rera kiran ciniki da ƙarfin murya, za ka sami panelle, wato soyayyen garin wani irin wake, da taliya da kifin sardin da zabibi, da gwangwazon gauta da aka dafa da ɗan zaƙi da ɗan tsami. A kewayen kasuwar akwai mahauta Musulmi 'yan Bangladesh da Arewacin Afirka masu naman halal. A Trapani kuwa abincin alfaharinsu kuskus ne. Mace za ta zuba tsakin alkama a faffaɗan kwanon ƙasa, tana yayyafa ruwa tana murzawa da yatsu a zagaye har ya dunƙule ƙanana-ƙanana, kamar yadda uwayenmu ke haɗa dambu, sannan ta turara shi ta jiƙa da romon kifi, ta rufe da zane ya huta. Tun 1998 garin San Vito Lo Capo ke yin bikin kuskus duk watan Satumba. Ita kanta busasshiyar taliya, Idrisi ya ambaci garin Trabia kusa da Palermo yana yin ta da yawa ana lodawa a jiragen ruwa, ƙarnuka kafin tumatir ya iso Italiya daga nahiyar Amurka.

Bakin teku a watan Yuli da Agusta, a wurare irin su Mondello, ba wajen mai kiyaye idonsa ba ne, ban musa ba. Amma gaɓar tsibirin ba a nan ta ƙare ba, shekara kuma ba wata biyu ba ce. A Afrilu ko Nuwamba za ka bi hanyar Trapani zuwa Marsala tsakanin fadamun gishiri, da tsibin gishiri fari fat da tsofaffin injinan iska, ko ka taka hanyar ƙafa ta gandun Zingaro tsakanin dutse da ruwa, da iyalinka, hankali kwance. A Mazara za ka tarar da unguwar da ake kira Kasba cike da iyalan masunta 'yan Tunisiya, domin tsakanin gaɓar biyu bai fi kilomita 150 ba. Wannan teku dai shi ne wanda 'ya'yan Afirka da suka ratso ta Agadas da Libiya ke faɗawa cikin kwale-kwalen roba. Ranar 3 ga Oktoba 2013 kaɗai, mutum fiye da 360 suka nutse kusa da tsibirin Lampedusa, kuma masuntan wurin na cikin waɗanda suka fara kai ɗauki. Bai dace ɗan Afirka ya tsaya a wannan gaɓa bai yi musu addu'a ba.

Shawarata ga mai niyya ita ce ya yi karatu kafin ya sayi tikiti, tunda alamun a warwatse suke, sai mai sani ke gane su. Rihlar Ibnu Jubairu tana samuwa da Larabci. Jirginsa ya fashe a Messina yana dawowa daga Hajji, ya ratsa tsibirin a 1184 zuwa 1185, ya rubuta abin da ya gani na matan Kiristocin Palermo masu lulluɓi da lalle da Larabci a baki, da kuma fargabar da Musulmi ke ciki ƙarƙashin sarkin da ba nasu ba. Hanyar da ya bi daga Messina ta Cefalù da Palermo zuwa Trapani, yau jirgin ƙasa da mota na bin kusan dukkanta.