Kwal da Tsaunukan Udi: Riba ta Wuce, Ramuka Sun Rage

A shekarar 1909 ne aka gano kwal a tsaunukan Udi, kuma zuwa 1916 jirgin ƙasa ya fara jigilarsa zuwa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. A gindin waɗannan tsaunuka birnin Enugu ya kafu. A can ne kuma, a mahaƙar Iva Valley, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai kimanin tan 900,000 a shekara. Daga nan kasuwa ta fara ja da baya, domin jiragen ƙasa sun koma amfani da man dizal, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya durƙusar da aikin. Kamfanin Kwal na Nijeriya, wanda aka kafa a 1950, bai sake farfaɗowa ba.

Amma ɓarnar ba ta tsaya da tsayawar aiki ba. Idan iska da ruwa suka haɗu da duwatsun da aka fasa a cikin rami, ruwan kan yi tsami, ya ɗauko ƙarfe. Irin wannan ruwa ne ke tsiyaya daga tsohuwar mahaƙar Onyeama zuwa kogin Ekulu, wanda jama'ar Enugu ke ɗiba. Ga kuma ƙasar yankin, rairayi ce mai saurin zaizayewa. Da zarar an sare itatuwan gangare, damina ɗaya ta isa ta buɗe kwazazzabo.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya binciki illar aikinsa ga muhalli, ya kuma gyara wurin idan ya gama. Matsalar ita ce izini a hannun Gwamnatin Tarayya yake, alhali kuwa jiha da ƙauyuka ne ke kwana da ramukan.

Masu son a koma ga kwal suna kafa hujja da ƙarancin lantarki, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai a 2021, a taron Gilasgo, Nijeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, kuma manyan bankunan raya ƙasa sun janye daga ba da rancen gina tashoshin kwal. Madatsar Zungeru mai megawat 700 an kammala ta a 2023. Ta Mambila kuwa, mai megawat 3,050, shari'a da rashin kuɗi sun daɗe da riƙe ta.