Rawar bale a ƙaramin falo: abin da zai yiwu da abin da ya kamata a bari

A watan Yunin 2020, bidiyon wani yaro ɗan shekara 11, Anthony Madu, ya karaɗe duniya. An gan shi yana juyi babu takalmi a kan daɓen siminti a Legas, ruwan sama na zuba. Malaminsa, Daniel Ajala, ya koyi rawar da kansa ta intanet, sannan ya buɗe makarantar Leap of Dance Academy a unguwar Ajangbadi a 2017, yana koyar da yara kyauta. Daga bisani Anthony ya samu gurbin karatu a makarantar bale ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila.

Ga ma'aikacin da ke haya a Kubwa ko Lugbe, wanda ɗiyarsa ta dawo daga makaranta da sha'awar wannan rawa, tambayar ita ce: falo zai wadatar?

Zai wadatar ga kashin farko na darasi. Kowane ajin bale yana farawa ne a jikin sandar dafawa, inda mai koyo ke lanƙwasa gwiwa, ya miƙa ƙafa gaba da gefe da baya, ya yi ɗage a kan yatsu. Duk wannan ba ya buƙatar fiye da wurin da ƙafa za ta miƙe ba ta bugi tebur ba. Bayan kujera mai nauyi, wadda ta kai ƙugu, na iya maye gurbin sandar. Ko a lokacin kullen korona, Tamara Rojo, wadda ke jagorantar English National Ballet a wancan lokaci, daga kicin ɗinta ta riƙa ba da darasi.

Tushen aikin shi ne tsayuwar ƙafa iri biyar, waɗanda ake danganta tsara su ga Pierre Beauchamp a Faransa, zamanin Sarki Louis na 14. Dukkansu suna buƙatar buɗe ƙafafu waje, kuma buɗewar daga ƙugu take farawa. Yaron da ya murɗe tafin ƙafarsa da ƙarfi don ya kwaikwayi bidiyo, gwiwarsa ce za ta biya bashin. Madubi ko kyamarar waya na taimakawa wajen gano irin wannan kuskure.

Tsalle kuwa a bar wa aji. Ɗakunan horo na ƙwararru suna da daɓen katako mai ɗan lotsawa, wanda ke shanye nauyin dira. Tayil da siminti ba sa lotsawa, don haka ƙwauri da idon sawu ne ke ɗaukar bugun, ga kuma santsi idan an sa safa.

Haka ma takalmin tsayawa a kan tsinin yatsu. Malamai ba sa yarda da shi sai yarinya ta kai kimanin shekara 11 ko 12, ta kuma yi shekaru tana horo, domin ƙasusuwan ƙafa ba su gama ƙwari ba kafin nan. Iyaye su jira izinin malami kafin su saya.