Zaɓen Zango a Hanyar Haɗeja Zuwa Bakin Hamada

Tun zamanin da fatake sun san cewa daɗin tafiya da wahalarta a zango suke. Ayarin da ke bi ta Haɗeja tsakanin Kano da Barno, da masu zuwa ƙasar Manga ɗauko kanwa, ba su sauka a duk inda dare ya riske su. Madugu yakan tura jagaba ya duba wuri, ya ga ruwa, ya ga abin da dabbobi za su ci, ya ga kuma ko ɓarayi za su iya yi wa mutane sanɗa. Yanzu mota ta maye gurbin jaki da raƙumi. Ɗalibai da ma'aikata da masu iyali sukan fita lokacin hutu su je ganin tsuntsaye a fadamun Haɗeja, ko tuddan rairayi na arewacin Jihar Yobe, kuma da yawansu ba su taɓa kwana a fili ba. Wanda ya shugabanci irin wannan tafiya shi ne madugunsu, alhakinsu kuwa yana wuyansa.

Ka'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wannan: ana auna zango da mafi rauni a cikin ayari, watau yaro ko tsoho ko sabon matafiyi. Wurin da ya yi wa maharbi ko makiyayi daidai yana iya hana ɗan birni runtsawa. Wanda bai yi barci ba kuwa, gari na wayewa sai ya nemi hanyar gida, ko ya kwanta ciwo inda magani ya yi nisa.

Yadda ƙasar take

Ƙasar Haɗeja iri biyu ce, tudu da fadama. Kogin Haɗeja yana tasowa ne daga wajen Kano, in ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu cikin tafkuna da kwaruruka har Nguru da Gashuwa. Tsakanin waɗannan ruwaye akwai jigayi, watau tsofaffin tuddan rairayi waɗanda ciyawa da itatuwa suka riƙe. A nan ne dausayin Baturiya yake, cikin ƙasar Kirikasamma, wanda aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2008. Kusa da Gashuwa kuma akwai matattarar tsuntsaye ta Dagona, wadda Yarima Filib na Ingila ya ziyarta a 1989.

Mai son ganin rairayi tsantsa sai ya zarce Gashuwa ya yi arewa zuwa Yusufari, inda tuddan Tulo-Tulo da dausayin Bulatura suke. Dagona da Bulatura duka suna cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, saboda haka ba a shiga ko a kwana sai da iznin ma'aikatan gandun.

Lokacin fita

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. Ruwan damina ya janye, hanyoyi sun bushe, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun iso sun tarar da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Sai dai daren hunturu yana da sanyi ƙwarai, musamman gab da asuba, don haka kowa ya riƙi bargo da rigar sanyi da hula. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, bai kamata a kai sabon matafiyi cikin rairayi ba. Da damina kuwa kogi yakan cika ya batse a Agusta da Satumba, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022 ya ci gonaki da hanyoyi da gidaje a ƙasar Haɗeja.

Tafiya sannu sannu kwana nesa. Daren fari ya zama kusa da gida, kamar wajen Baturiya, inda in wani ya kasa za a iya mai da shi Haɗeja a ranar. Dare na biyu a wajen Nguru ko Gashuwa. Sai mutane sun saba da kafa tanti da kwanan ƙasa, kana a nufi tuddan Yusufari.

Neman izni

Babu dajin da ba shi da mai shi. Kafin a sauke kaya, madugu ya je ya gai da Bulama ko Dagaci, ya faɗi yawan mutanensa da kwanakin da za su yi, ya roƙi a nuna masa wuri. Matambayi ba ya ɓata. Mutanen gari ne suka san rijiyar da ruwanta ke shayuwa, da gonar da ba a gama girbe ta ba, da maƙabarta, da burtalin shanu. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya taɓa sassan Jihar Yobe, saboda haka wajibi ne a tuntuɓi 'yan sanda da Hakimi a Gashuwa kafin a yi arewa. In sun ce kada a je, to, kada a je.

Zangon da ya dace da sababbin matafiya shi ne wanda ake jin kiran salla daga ƙauye, amma hayaniyar gari ba ta kai shi.

Alamun zango mai kyau

Na fari, ya kasance a kan tudu mai shimfiɗaɗɗen bisa. Kwari da bakin tafki suna da ban sha'awa da rana, amma da dare sanyi da raɓa a can suke taruwa, haka ma sauro mai kawo zazzaɓi. A bar aƙalla taku 300 tsakanin tanti da ruwa. Kada a kuskura a kwana a cikin busasshen kwari. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, akan saki ruwa ko da rani, sai ya biyo inda jiya busasshe ne.

Na biyu, a dubi iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. A sa itatuwa ko tudu su tare ta, ƙofar tanti ta dubi kudu maso yamma, murhu kuma ya kasance ta wannan ɓangaren domin hayaƙi da tartsatsi su yi nesa da shimfiɗa. A ƙasar Yusufari kada a kafa tanti a ƙwanƙolin tudu inda iska ke kaɗawa, kada kuma a manne da gefen da ya yi tsaye, domin ta nan rairayi ke zubowa.

Na uku, inuwa. Gawo yana da ganye da rani, shi ya sa inuwarsa ta fi amfani a wannan lokaci, amma awaki sukan taru ƙarƙashinsa cin 'ya'yansa, kuma yana zubar da ƙaya. Tsamiya tana da inuwa mai sanyi. Kogon kuka sau da yawa gidan zuma ne, a duba kafin a hura wuta kusa da ita. Ƙayar aduwa tana huda tayar mota. A yini a inuwa, amma a yi shimfiɗar kwana a fili, nesa da busasshen reshe.

Na huɗu, a duba ƙasa tun da hasken rana. Ƙarangiya kaɗai ta isa ta ɓata wa mutum dare in ta shiga bargo. A share fili da tsintsiya, a guji shuri da ramin gafiya da tarin itace, domin nan ne maɓoyar kunama da kububuwa. Kada a sauka a kan burtali ko kusa da mashayar shanu, gama garke yakan wuce da asuba. Saboda wannan binciken ne ya wajaba a isa zango da la'asar sakaliya. Wanda ya iso bayan magariba, abin da ya samu shi zai kwana a kai.

Ruwa da tsabta

A yi wa kowane mutum tanadin lita 10 a yini, rabi na sha, rabi na girki da alwala, a kuma ƙara na yini guda bisa lissafi. Ruwan tafki ba a shan sa sai an tace an tafasa. Kada a bar yara su yi wanka a kwantaccen ruwa, domin ta nan ake kamuwa da tsargiya. A haƙa ramin bayan gida taku 100 daga zango, ta inda iska ke nufa, nesa da rijiya, a riƙa rufewa da ƙasa. Kowa ya kwana cikin gidan sauro ko da hunturu ne, ya ajiye tocila kusa da kansa, ya kaɗe takalmi kafin ya sa da safe.

In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya, a garzaya da shi asibiti. Akwai babban asibiti a Haɗeja da Gashuwa, da na Gwamnatin Tarayya a Nguru. Madugu ya san wanda ya fi kusa da kowane zango tun kafin a tashi.

Sha'anin mota

A ajiye mota a kan ƙasa mai tauri, gabanta yana duban hanyar fita, domin in larura ta taso da dare ba sai an tsaya juyawa ba. Cikin rairayin Yusufari sai mota mai ja da ƙafa huɗu, kuma biyu sun fi ɗaya. A rage iskar taya kafin a shiga, a mayar da ita bayan an fito. A riƙi shebur da igiya mai ƙarfi da katako da famfon iska da tayar ko-ta-kwana, a cika tanki a Gashuwa. A ɗauki ɗan gari wanda ya san hanya, gama iska takan shafe sawu cikin dare guda, waya kuma ba ko'ina take samun layi ba.

Tashi daga zango

Kada a sare ɗanyen itace domin girki. Itatuwa da ciyawa ne ke riƙe da jigayi, inda aka tumɓuke su kuwa rairayi yakan tashi ya binne gona da rijiya. A kashe wuta da ruwa ko ƙasa har sai toka ta huce, gama gobarar daji tana cinye abincin dabbobin ƙauye na rani ɗungum. A kwashe leda da gwangwani, a cike ramuka, kada a harbi tsuntsu ko a ɗebi ƙwai. Sa'an nan madugu ya koma wurin Bulama ya yi godiya, ya yi sallama, domin ayarin da zai zo bayansa ya tarar da maraba.