Daga injin ɗumama abinci zuwa makamin kakkaɓo jirage marasa matuƙa

A gidaje da shagunan sayar da abinci da dama a birnin Sakkwato akwai injin ɗumama abinci da ake kira maikurowef. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai ramuka da ake kira magnetiron. Shi ne ke juya wutar lantarki zuwa igiyoyin da ke ɗumama tuwon jiya, da ƙarfin da bai cika wuce wat 1,000 ba.

Ba don girki aka ƙirƙire shi ba. John Randall da Harry Boot ne suka haɗa irinsa a Jami'ar Birmingham ta Ingila a 1940, domin na'urar rada mai hango jiragen yaƙi.

A 1976, George Bekefi da Thaddeus Orzechowski na cibiyar MIT a Amurka suka ɗura wa magnetiron wutar da ta kai ɗaruruwan dubban bolt, har ƙwayoyin lantarkin cikinsa suka riƙa gudun da ya kusanci na haske. Ƙarfin da ya fito ya kai ɗaruruwan megawat. Idan aka kwatanta, tashar lantarkin da gwamnatin jihar Sakkwato ta tsara mai megawat 38 ce kacal.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an samo maganin ɗauke wuta. Wannan ƙarfin ba ya wuce kimanin nanosakan 30, wato kashi 30 cikin biliyan ɗaya na daƙiƙa. Duka kuzarin da ke ciki ba zai tafasa ko cokali ɗaya na shayi ba.

Nan ne matsalar da masu bincike ke fama da ita. Zafin wutar kan tayar da tururin ƙarfe da iska a tsakanin sassan na'urar, sai ya cike gurbin, igiyar ta yanke. A Jami'ar New Mexico, Edl Schamiloglu da Mikhail Fuks sun sake fasalin sandar tsakiya, suka mayar da ita siraran sanduna, domin igiyar ta tashi da wuri.

Me ake nema da walƙiyar da ba ta dafa komai? Tana iya ƙone ƙananan sassan lantarki daga nesa. Rundunar sojin saman Amurka ta gwada na'urar THOR mai harba irin waɗannan igiyoyi don kakkaɓo tarin jirage marasa matuƙa. Mayaƙan ISWAP a Borno da na JNIM a Mali da Burkina Faso sun riga sun fara amfani da ƙananan jiragen nan, kuma igiyar ba ta bambance jirgin ɗan ta'adda da wayar manomin da ke kusa.