SINGAFO, ZANGON JIRAGEN RUWA

Can nesa a gabashin duniya, cikin nahiyar Asiya, akwai wani ɗan tsibiri da a ke kira Singafo. Tsibiri kuwa shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ko ta ina. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma kamar mil 31 ne, faɗinsa kuwa kamar mil 17. Mai mota ya iya ratsa shi cikin sa'a guda. Ba a haƙar zinariya a cikinsa, ba kwal, ba man fetur. Gonakinsa kaɗan ne, ko ruwan sha ma ba ya isar mutanensa. Duk da haka mutum kamar miliyan 6 ke zaune a wurin yau, kuma ana lissafa ƙasarsu cikin mafiya arziki a duniya. To, ina suka samo wannan arziki? Sun samo shi daga abu biyu, watau wurin da Allah ya ajiye tsibirin, da kuma yadda mutanensa suka iya riƙon baƙi.

In kun duba taswira, za ku ga ƙasar Indiya daga yamma, ƙasar Sin daga gabas. Tsakaninsu akwai wata doguwar ƙasa da ta miƙe kudu cikin teku kamar hannu, ita ce Malaya. Jirgin ruwan da ya taso daga Indiya za shi Sin ba shi da ikon tsallake ta, sai ya kewaya. Hanya mafi kusa kuwa ita ce wani siririn mashigin teku tsakanin Malaya da tsibirin Sumatra, ana ce da shi Mashigin Malaka. A daidai bakin wannan mashigi, inda jirage ke juyawa su nufi arewa, nan Singafo ta ke. Ruwan gaɓarta yana da zurfi, ga kuma ƙananan tsibirai sun kare ta daga haukan teku.

A zamanin da, kafin a ƙago injin, manyan ƙyallaye a kan ɗaura wa jirgi, iska ta riƙa tura shi. Iskar wannan yanki iri biyu ce. Daga Disamba zuwa Maris ta kan buso daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen Sinawa. Daga Yuni zuwa Satumba sai ta juyo daga kudu maso yamma, ta kawo na Indiyawa da Larabawa, ta kuma mai da Sinawa gida. Saboda haka tilas ne fatake su sami wurin da za su sauka, su yi ciniki, su jira juyawar iska, kamar yadda ayari ke bukatar zango.

Shekara kamar 700 da suka wuce akwai wani gari na fatake a tsibirin, sunansa Temasek. Mutanen ƙasar suna ba da labari, wai wani ɗan sarki daga Sumatra ya sauka nan, ya ga wata dabba da ya zaci zaki ce, sai ya sa wa wurin suna Singapura, watau Birnin Zaki. Amma fa ba zaki a dajin wannan yanki. Daga baya yaƙe-yaƙe suka ci garin, ya koma ƙauye.

A cikin Janairu 1819 wani Bature mai suna Stamford Raffles ya sauka a tsibirin. Shi ma'aikaci ne na babban kamfanin Ingilishi da ke ciniki a Indiya. A lokacin nan mutanen Holan ne ke riƙe da yawancin tashoshin yankin, suna ɗora wa jiragen wasu haraji mai nauyi. Ingilishi kuwa suna neman tasha tasu a kan hanyar Sin. Raffles ya tarad da mutum kamar 1,000 kawai, galibinsu masunta. Ran 6 ga Fabrairu ya ƙulla alkawari da Sultan Husaini da wani hakimi, Temenggong Abdurrahman, suka yarda kamfanin ya kafa wurin ciniki, a riƙa biyansu kuɗi kowace shekara. A 1824 tsibirin duka ya koma hannun Ingilishi.

Dabarar da Raffles ya yi ita ce ya hana karɓar kuɗin fito a kan kayan ciniki. Kowane jirgi, na kowace ƙasa, ya shigo ya saya ya sayar, ba mai tare shi. Nan da nan labari ya bazu. Sinawa suka zo da siliki da shayi da tangaran. Indiyawa suka zo da tufafi. Mutanen tsibirai suka zo da masoro da kanumfari. Larabawan Hadramaut su ma suka zo suka kafa gidaje. Da aka ƙirga mutanen garin a 1824, sai aka tarar sun haura 10,000.

Ku lura, Singafo ba ita ke noma waɗannan kaya ba, ba kuwa ita ke saƙa su ba. Aikinta dillanci ne. Ƙaramin jirgi ya kawo masoro daga Sumatra, a sauke, a tsince, a auna, a ɗura a buhuna, a ajiye a sito. In babban jirgin Ingila ya iso, sai ya sauke yadin da ya kawo, ya kwashi masoron. Ƙananan jirage kuma su rarraba yadin cikin tsibirai. Ta haka ɗan dako ya sami abinci, mai awo ya samu, mai sito da dillali da mai canjin kuɗi duk su samu.

A 1869 aka buɗe Mashigin Suez a Masar, hanyar Turai zuwa gabas ta ragu ƙwarai. Jirage masu injin suka yawaita, su kan tsaya Singafo su ɗauki kwal da ruwa. Sa'an nan aka shiga haƙar kuza da dashen itacen roba a Malaya, da yawansu kuwa ta Singafo su ke fita. Har maniyyata na tsibiran Indonesiya su kan taru nan su hau jirgin Jidda.

Amma kada a zaci kowa ya ji daɗi a zamanin nan. Dubban leburori da suka zo daga Sin da Indiya wuni su ke yi suna dako cikin rana, su kwana a cunkushe cikin ƙananan ɗakuna. Da yawa suka faɗa shan wani abin maye da a ke kira ofiyom, gwamnatin Turawa kuwa tana samun kuɗi mai yawa daga harajinsa. Sa'an nan yaƙin duniya na biyu ya zo. Ran 15 ga Fabrairu 1942 sojan Japan suka ci birnin, suka riƙe shi har 1945. Aka kashe dubban mutane, ciniki ya tsaya, yunwa ta shigo.

Bayan yaƙi Ingilishi suka komo, amma mutanen Singafo sun fara neman mulkin kansu. Suka sami na cikin gida a 1959, wani lauya mai suna Lee Kuan Yew ya zama Firayim Minista. A 1963 suka haɗu da Malaya da waɗansu ƙasashe biyu, aka kafa Malesiya. Zaman bai yi daɗi ba. Shugabanni suka yi ta saɓani, a 1964 kuma aka yi tarzoma tsakanin Sinawa da Malayawa a cikin birnin. Ran 9 ga Agusta 1965 aka raba gari, Singafo ta zama ƙasa mai zaman kanta. Sa'ad da Lee Kuan Yew ke faɗa wa jama'a labarin ta talabijin, sai da ya zub da hawaye.

Hawayen nan kuwa da dalilinsu. Ga mutum kusan miliyan 2 a kan ɗan tsibiri, da yawa ba su da aikin yi. Ga ruwan sha ta bututu ya ke zuwa daga Malesiya. Ga maƙwabta kowa yana so ya fitar da kayansa ta tasharsa. Ba a daɗe ba kuma Ingilishi suka ce za su kwashe sojansu a 1971, alhali dubban mutane a barikokinsu su ke cin abinci. Wurin tsibirin bai sake ba, amma wuri kaɗai ba ya ciyad da mutum. Hausawa na cewa, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sai shugabannin suka dubi abin da su ke da shi, suka ga ba kome sai mutane da teku. Ministan kuɗi, Goh Keng Swee, ya riga ya sa an fara cike wata fadama da a ke kira Jurong tun 1961, don a gina masana'antu. Suka aika ƙasashen duniya suna gayyatar kamfanoni, suna yi musu alkawarin sauƙin haraji da ma'aikata masu horo. Aka gina makarantu, aka ce kowane yaro ya koyi Turanci don ciniki, ya kuma koyi harshen iyayensa, ko Sinanci, ko Malayanci, ko Tamil. Gwamnati ta gina dogayen benaye ta sayar wa talakawa da sauƙi, har yau kusan mutum 8 cikin 10 a irinsu su ke zaune. Aka kuma tsananta hukuncin cin hanci, ba a ƙyale babba ba, balle ƙarami.

Ba su manta da tashar jiragen ba. A zamanin nan ne aka fara zuba kaya cikin manyan akwatunan ƙarfe da a ke kira kwantena. Injin ke ɗaga su, aikin da 'yan dako su kan yi kwanaki suna yi sai a gama shi cikin sa'o'i. Singafo ta buɗe tashar kwantena a 1972, tun maƙwabtanta ba su yi ba. Ta kuma kafa matatun mai, tana sayo ɗanyen mai daga ƙasashen Larabawa, ta tace, ta sayar. A 1981 ta buɗe babban filin jirgin sama na Changi.

Inda jirage ke taruwa kuwa, nan bankuna ke taruwa. Ga dalili. A ce wani attajiri a Japan zai sayar wa wani a Indiya da kaya, ba su taɓa ganin juna ba. Mai kaya yana tsoron ya aika a hana shi kuɗi, mai saye yana tsoron ya biya a hana shi kaya. Sai banki ya shiga tsakani, ya yi alkawari zai biya da zarar an nuna takardar shaidar an loda kayan. Akwai kuma kamfanonin inshora, waɗanda a ke ba kuɗi kaɗan, su ɗauki nauyin biyan hasara in jirgi ya nutse. Duk wannan aiki na amana ne. Ba mai ajiye dukiyarsa inda za a cinye ta, ko inda alƙali ke karɓar toshi.

Har lokaci ma ya taimaki Singafo. Sa'ad da bankunan Amurka suka tashi daga aiki, na London kuwa ba su buɗe ba tukuna, a Singafo rana ce. Saboda haka a 1968 aka buɗe kasuwar cinikin kuɗin ƙasashen waje a birnin. Yau London da New York ne kaɗai suka fi ta canjin kuɗi.

Tashar Singafo ita ce ta biyu a duniya wajen yawan kwantena, Shanghai ta ƙasar Sin ce kaɗai ke gabanta. A 2024 kwantena fiye da miliyan 40 suka bi ta cikinta, yawancinsu kuwa wucewa su ke yi, a sauke daga wannan jirgi a loda wa wancan. Ba inda jiragen ruwa ke shan mai a duniya kamar nan. Cinikinta ya kai har Nijeriya. Kamfanin Tolaram, wanda ke da hannu cikin yin taliyar Indomie a nan ƙasar, babban ofishinsa a Singafo ya ke. Haka kuma kamfanin Olam, wanda ya fara da sayen kashu a Nijeriya a 1989.

Duk da wannan arziki, mutanen Singafo ba su kwanta barci ba. Fiye da kashi 9 cikin 10 na abincinsu daga waje ya ke zuwa. Alkawarin ruwan da ke tsakaninsu da Malesiya zai ƙare a 2061, don haka suna tara ruwan sama, suna tace na teku, har wanda aka yi amfani da shi suna tsabtace shi a sake sha. Sun yi ta zuba yashi cikin teku, har ƙasarsu ta ƙaru da kamar kashi 1 cikin 4. A 2022 suka fara aiki da sabuwar tasha a Tuas, gama maƙwabta su ma suna gina tasu. Akwai kuma abubuwan da a ke kuka da su. Zaman birnin yana da tsada ƙwarai. Jam'iyya guda ke mulki tun 1959, dokokinta kuwa suna da tsanani. Leburorin da ke zuwa daga Indiya da Bangaladash su yi gini, ladansu kaɗan ne in an gwada da na 'yan ƙasa.

Mashigin Malaka shi ya kawo jirage bakin Singafo, amma akwai waɗansu garuruwa a kan wannan mashigi da ba su kai ta ba. Baƙo ya kan koma inda aka sallame shi da sauri, aka yi masa awo na gaskiya, aka kuma mayar masa da ajiyarsa cif. Ran da mutanen Singafo suka saki wannan hali, jirage za su nemi wani zango.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa jiragen da ke tafiya tsakanin Indiya da Sin su ke bi ta Singafo?
2. Wace dabara Raffles ya yi don fatake su zo?
3. Faɗi abu uku da suka tsorata mutanen Singafo a 1965.
4. Ta yaya banki ke taimakon attajirai biyu da ba su san juna ba?
5. Ta waɗanne hanyoyi Singafo ke samun ruwan sha?